Ruwan kwamin wankana ya ƙi yin garau, wace filta ce za ta iya da ƙurar Kano?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar suwimin ful ku taimaka min da shawara, abin ya dame ni ƙwarai. Bara na gina ɗan kwamin wanka a bayan masaukin baƙina nan Kano, tsawo mita 8 faɗi mita 4, zurfin ya fara daga mita 1 ya gangara zuwa mita 2. Duk damina lafiya lau ba laifi, amma tunda hunturun nan ya shigo ruwan ya koma kamar wanda aka wanke shinkafa a ciki, kana tsaye a baki ba ka ganin tayil ɗin ƙasa, kulorin kuwa na zuba har na gaji kuma injin tura ruwa yana aiki kullum. Yanzu ma har yashi nake gani kwance a ƙasa daidai inda ruwa ke dawowa. Wanda ya yi min aikin ya ce wai filtar yashi tsohon yayi ce, in cire ta in sayi ta katirij, wato mai tace ruwa da wani naɗaɗɗen ƙyalle kamar takarda a maimakon yashi. Kafin in sake zuba kuɗi nake so in ji ta bakinku.

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Je ɗakin injin ka dubo mana abu uku: ƙarfin injin nawa ne, akwai ɗan allo a jikinsa an rubuta HP. Faɗin tankin filtar nawa ne, shi ma a rubuce yake da milimita. Sannan gejin da ke saman tankin, mai auna matsin ruwa, allurarsa a kan nawa take idan inji na aiki.

Baban Walida:
Na dubo Injiniya. Inji 1.5 HP ne, tankin an rubuta 400. Gejin kuma allurar na kwance a sifili, ko an kunna ko an kashe ba ta motsi.

Injiniya Sabon Gari:
To ai ga ciwon nan Alhaji, ba sai an je da nisa ba. An haɗa maka babban inji da ƙaramar filta. Bari mu yi lissafin tare. 8 sau 4 sau matsakaicin zurfi 1.5, ruwanka kenan lita 48,000. Ƙa'idar ita ce duk ruwan nan ya bi ta cikin filta sau ɗaya a cikin awa 6 zuwa 8, wato kana buƙatar lita 6,000 zuwa 8,000 a awa. Tankin 400 iyakar abin da zai iya tacewa wajen lita 6,000 ne a awa, shi ma an matsa masa. Shi kuwa injin 1.5 HP yana iya turo kusan 20,000 a awa. Ka ga ninki uku kenan. Ruwan ba ya samun damar bin yashin a hankali, huda shi yake yi ya buɗe hanyoyi a ciki ya wuce da dattinsa, ya dawo maka da ƙurar da ya ɗauko. Kulorin kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka yake yi, ba ya kwashe ƙura, ko buhu guda ka juye ruwan ba zai washe ba in filta ba ta aiki.

Yashin da kake gani a ƙasa kuma ɗayan biyu ne, ko dai 'yan yatsun roba da ke ƙasan tankin, waɗanda ke tare yashi su bar ruwa ya wuce, ɗaya ya fashe, ko kuma yashin da aka zuba maka ba na filta ba ne.

Abu Hanifa Kd:
Ni dai ina bayan mai aikin naka a kan maganar katirij. Shekara uku kenan ita nake amfani da ita a gidana a Kaduna kuma ruwana kamar gilashi. Filtar yashi iyakarta ta kama dattin da girmansa ya kai maikiron 20 zuwa 40 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), katirij tana kama har na 10 zuwa 15. Ƙurar hunturu ai laushi gare ta kamar hoda, mai tacewa sosai ake nema mata. Sannan babban abin da ya sa na zaɓe ta ba a zubar da ruwa wajen wanke ta, ka zaro ta ka fesa mata ruwa da tiyo ka mayar shi kenan.

Injiniya Sabon Gari:
Lambobinka daidai ne Malam Abu, ban musa ba. Amma naka ful ɗin mutum nawa ke shiga? Kuma a rufe yake ko a buɗe?

Abu Hanifa Kd:
Ni da yara ne kawai, ƙarami ne bai kai rabin nasa ba, kuma muna ja masa tamfol da daddare.

Injiniya Sabon Gari:
Yauwa. Shi Alhaji masaukin baƙi ne, mutane na shiga da man shafawa da basilin a jiki musamman yanzu da sanyi, ga ful a buɗe a sararin Kano daga Nuwamba har Fabrairu ƙura na sauka dare da rana. Maiƙo da ƙura in suka haɗu a jikin katirij manne mata suke yi kamar kwalta, tiyo kaɗai ba ya fitarwa sai an jiƙa ta a maganin wanki ta kwana. Yaronsa zai riƙa zaro ta kusan duk bayan kwana biyu ko uku, rannan ya gaji ya sa mata burushi ko injin wankin mota ya yaga ta. In ta yage kuma sai sabuwa, sai ka sami daidai lambar gidanta, in babu a Kano sai an aiko daga Legas ko Abuja, ful na zaune yana kore. Yashi kuwa ba ya yagewa, kuma shekara 3 zuwa 5 yake yi kafin a canja.

Maman Sultan:
Ku yi haƙuri in ɗan katse ku. Alhaji don Allah har ruwan ya gyaru kada ka bar kowa ya shiga, balle yara. Ba maganar ƙaiƙayin ido kawai ba ce. Ruwan da ba a ganin ƙasansa in yaro ya nutse ana tsaye a baki ba za a gan shi ba, kuma yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya. Gara baƙo ya yi fushi ya tafi.

Baban Walida:
Wallahi Hajiya kin yi gaskiya, jikina ya yi sanyi da na karanta. Yanzun nan na sa an kulle ƙofar wurin. Na gode Allah ya saka.

Ɗan Yamai:
Sannunku da hira. Ni shekara 9 ina kula da fisin a wani otel a Yamai, mu nan fisin muke ce mishi. Ƙurarmu ta fi taku ma don mun fi ku kusa da hamada. Duk manyan wuraren da na sani yashi suke aiki da shi, ba don ba su san katirij ba. Abin da na koya shi ne girman tanki ya fi komai. In lissafi ya ce maka 500 ya isa, sayi 600. Ba a taɓa yin nadamar babbar filta, ƙaramar ce ake nadama. In tanki na da faɗi ruwa na bi a hankali, yashin na kama abin da ya fi ƙanƙanta, kuma ka daɗe ba ka wanke ba. Alhaji ka nemi 600 ka sa mata inji 0.75 HP, wannan 1.5 ɗin ka ajiye shi ko ka sayar.

Baban Walida:
To amma Malam rage ƙarfin inji ba zai ƙara lalata abin ba? Ni a tunanina mai ƙarfi shi ya fi tsabtacewa, shi ya sa da ya ce 1.5 ban yi musu ba.

Injiniya Sabon Gari:
Kusan kowa haka yake zato Alhaji. Ka tuna yadda ake tace koko, in aka zuba gasara a hankali a kan abin tata sai ta fita sumul, in aka danna da ƙarfi dusa ce za ta biyo. Inji aikinsa kai ruwa ne kawai, filta ke tacewa. Ga kuma kuɗin wuta, injin 1.5 HP na cin sama da kilowat 1, awa 8 a rana ya kai yunit 9 ko fiye, in kana Band A, wato rukunin da ya fi tsadar wuta, a farashin Afrilun 2024 na naira 225 kowane yunit ka ga wajen dubu biyu kenan kullum a kan inji ɗaya. 0.75 kusan rabin haka zai ci, kuma ƙaramin janareta ko sola za su ɗauke shi ba wahala. Maganar ɗan uwanmu na Yamai ita ce tawa, 600 da 0.75. Akwai Hayward, Pentair, AstralPool, Emaux, duk ana samunsu a Najeriya, ni ba na ce lallai sai wance ba, abin da zan ce ka tambayi mai shagon ko yana da kayan gyaranta, wato robar bawul, 'yan yatsun ƙasa da geji. In babu kada ka saya komai arharta.

Malam Na Ƙofar Ruwa:
Ni tambayata daban ce, kuma ba da niyyar ɓata wa kowa rai ba. Wannan wankin filtar yashi da kuke cewa ana zubar da ruwa, lita nawa ne? Don unguwarmu jarka muke saye wurin 'yan garuwa, in na ji ana kwarar da ruwa a kwata raina ba ya min daɗi. An hana israfi ko a alwala.

Injiniya Sabon Gari:
Tambaya ce mai kyau Malam kuma ba zan ɓoye ba, ana zubarwa. In inji na tura lita 10,000 a awa aka yi wankin minti 3, lita 500 kenan ta tafi, jarka 20 mai cin lita 25. Wannan shi ne babban aibin filtar yashi kuma a nan Malam Abu ya fi ni hujja. Amma akwai abu biyu. Na farko yawancin masu kula da ful wanke ta suke yi kullum da safe don an ce musu haka, alhali kuskure ne, yashi mai ɗan datti ya fi sabon wanki kama ƙura. Geji ake bi ba kalanda ba. Na biyu ba dole ruwan ya tafi kwata ba, a haɗa bututun zuwa wani tanki a bar shi kwana biyu uku a buɗe, dattin ya kwanta kulorin ya fice, a yi yayyafin tsakar gida da shi, a wanke mota, a zuba a banɗaki.

Malam Na Ƙofar Ruwa:
To in dai za a tara a amfana da shi da sauƙi. Alhaji ka ji, don Allah ka sa tankin.

Baban Walida:
In sha Allahu Malam zan sa, akwai ma wani tsohon tanki na lita 1,000 a ajiye. Injiniya yi min bayanin gejin nan, don nawa ka ji a mace yake.

Injiniya Sabon Gari:
Shi ne idon filta, in babu shi lalube kake yi a duhu, kuma ba shi da tsada. Ranar da aka zuba sabon yashi aka wanke aka kunna, duba inda allura ta tsaya ka rubuta lambar da maka a jikin bango. A ce 10 psi. Duk ran da ta hau da 8 zuwa 10 a kan wannan, wato ta kai 18 ko 20, lokacin wanki ya yi. In kuwa ka ga ta faɗi ƙasa da yadda ta saba, ba filta ba ce, ruwa ne ba ya isowa, duba kwandon sikima, wato bakin da ke zuƙar ruwan saman ful, da kwandon gaban inji, ganyen darbejiya da leda ne suka toshe.

Wankin kansa ga yadda yake, ka kwafa ka manna wa yaronka a bango. Kashe inji. Juya hannun bawul zuwa inda aka rubuta BACKWASH. Kunna minti 2 zuwa 3 kana kallon 'yar kwalbar gefe har ruwan cikinta ya yi garau. Kashe. Juya zuwa RINSE, kunna kamar daƙiƙa 30 zuwa minti 1. Kashe. Mayar FILTER ka kunna. Ka lura sau nawa na ce kashe. Duk wanda ya juya hannun nan inji na aiki zai yaga robar da ke cikin bawul ɗin, daga nan ruwa ya riƙa zurarewa ta bututun waje kana cewa ful na yoyo, ko datti ya riƙa tsallake yashi. Kuma kada a tsallake RINSE, shi ke zaunar da yashi, in ba a yi ba ƙurar da ta rage a bututu cikin ful za ta watso.

Ɗan Yamai:
In ƙara a kan na Injiniya, kada a taɓa kunna inji hannun na kan CLOSED, kuma kada a buɗe murfin tanki sai an kashe an saki iska geji ya dawo sifili. Na ga murfi ya tashi sama ya fasa silin, Allah ya kiyaye ba kowa a kansa.

Abu Hanifa Kd:
Na yarda da ku a kan nasa yanayin, masaukin baƙi daban gida daban. Amma ina nan a kan bakana cewa mai ƙaramin ful a gida wanda tanka yake saye, katirij ta fi masa. Sai dai ya sayi guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiƙe. Ina kuma son jin ra'ayinku a kan filtar DE, mai tacewa da wata farar hoda, na ga ana cewa har maikiron 5 da ƙasa take kamawa.

Injiniya Sabon Gari:
Haka ne ita ta fi duka tacewa, amma duk wanki sai ka sake zuba mata hodar, hodar ba ko'ina ake samu ba kuma shaƙarta na cutar da huhu. Ban ba kowa shawararta a nan ba. Wanda ke son ƙarin kyau ya zuba dakakken gilashi na filta a maimakon yashi, tanki ɗaya ne, ya fi yashi tsada amma ya fi daɗewa.

Baban Walida:
Jama'a mun buɗe tankin da yamman nan ni da filamba. Innalillahi. Yashin gini ne a ciki, irin na rafi da ake kawowa a tifa, har da 'yan tsakuwa da laka ya dunƙule kamar bulo, ga rami a gefe inda ruwa ke bi. Biyu daga cikin 'yan yatsun ƙasan a fashe. Kuɗin yashin filta na biya wallahi, yana cikin takardar da ya ba ni. Raina ya ɓaci sosai amma na bar shi da Allah.

Maman Sultan:
Subhanallah. Allah ya mayar maka da alheri Alhaji.

Injiniya Sabon Gari:
Allah ya musanya. Wannan karon ka tsaya a kai da kanka. Yashin filta a buhu yake zuwa, silika ne wankakke, ƙwayarsa kusan girma ɗaya, wajen 0.45 zuwa 0.55 na milimita, ka sa a buɗe buhun a gabanka. Yawan kilon da tankin ke ci a rubuce yake a jikinsa, kada a cika shi fal, ana barin sarari a sama don yashin ya samu wurin tashi lokacin wanki. Kafin a zuba a fara cika tankin da ruwa zuwa rabi don nauyin yashi kada ya karya yatsun, a toshe bakin bututun tsakiya da leda, kuma farkon kunnawa a fara da BACKWASH da RINSE ba FILTER ba.

Ɗan Yamai:
Shi kuma ruwan da ke ciki yanzu kada ka zubar, lita 48,000 ba wasa ba ne. Alimun zai gyara shi, wannan dai da mata ke sa wa ruwan rafi ya kwanta. Gyara pH tukuna, wato ma'aunin tsamin ruwa, narka alimun a bokiti ka watsa, sa bawul a RECIRCULATE, inda ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta yashi ba, awa biyu ya gauraya, ka kashe inji ya kwana. Da safe za ka ga dattin ya kwanta a ƙasa kamar auduga. Sai a zuƙe shi da bakyum a hankali bawul na kan WASTE, kada ya bi ta yashi. Masu katirij ku kuma kada ku kusanci alimun, toshe ta yake yi gaba ɗaya.

Hajiya Zainabu Abj:
Ina bin ku tun safe. Nawa matsalar daban ce, duk ran da muka ƙara ruwan bohol muka zuba kulorin sai ruwan ya koma ja-ja kamar shayi. Filtar ce ita ma?

Injiniya Sabon Gari:
A'a Hajiya wannan ƙarfe ne a ruwan bohol ɗinku, a narke yake ba a ganinsa, kulorin na taɓa shi sai ya zama tsatsa. Gwada a farin bokiti, ɗebo ruwan bohol ki ɗiga kulorin ki jira, in ya canja launi shi ne. Ki riƙa tara ruwan a tanki a buɗe ya sha iska ya kwanta kafin ya shiga ful, kuma a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Wanda ya riga ya shiga filta za ta kwashe, a bar inji ya yi ta aiki ana wankewa.

Tunda an zo nan, Alhaji ka sayi ɗan akwatin gwaji. pH tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin 1 zuwa 3. In pH ya haura 7.8 kulorin rauni yake yi kuma ruwa na yin hazo ko da filta lafiyarta ƙalau. Ka gargaɗi yaronka kada ya taɓa haɗa kulorin da asid a mazubi ɗaya, ko garin kulorin da na ƙwaya, hayaƙinsu na kisa kuma yana iya kamawa da wuta.

Baban Walida:
Na rubuta duka. Saura maganar wuta, wani lokaci sai mu yi kwana biyu babu, janareta kuma da daddare kawai muke tayarwa saboda baƙi.

Ɗan Yamai:
Awa 8 ɗin ba dole a jere ba, amma ka yi ƙoƙari rabi ya faɗo da rana don rana ce ke cinye kulorin kuma lokacin gansakuka ke girma. Kwana biyu ruwa a tsaye da zafin Afrilu ya isa ya yi kore, in ya daɗe kulorin ya ƙare sauro ma ya samu gidan ƙwai. Da inji 0.75 'yan faifan sola kaɗan sun ishe ka, mu haka muka yi. Ka sayi abin rufewa kuma kamar yadda Malam Abu ke yi, ƙurar da ba ta shiga ba ba sai an tace ta ba.

Maman Sultan:
Amma tamfol ɗin nan a kula, yaro na iya takawa ya zata ƙasa ce ya rufta ƙarƙashi. Ƙofa a kulle dai ko an rufe ko ba a rufe ba.

Baban Walida:
Salam jama'a, na dawo da labari bayan kwana 9. An sa tanki 600 da inji 0.75, a gabana aka farke buhunan yashin, geji ya tsaya a 11 na rubuta a bango. Mun yi na alimun kamar yadda Malam na Yamai ya ce, kwana biyu ruwan ya washe, jiya na jefa mukulli a wurin mita 2 ina hango shi daga baki. Tankin tara ruwan wanki ma an haɗa, Malam Na Ƙofar Ruwa ka shaida. Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu ɗaya ya rage, da safe in na kunna ina ganin 'yan kumfa na fitowa daga inda ruwa ke dawowa, kuma murfin kwandon inji ba ya cika da ruwa sosai.

Injiniya Sabon Gari:
Ma sha Allah, barka. Kumfan nan iska inji ke ja ta wani wuri kafin ruwa ya iso shi. Fara duba ruwan ful ɗin ko ya sauka ƙasa da rabin bakin sikima, da iskar hunturu ruwa na saurin ƙafewa. In ba shi ba ne kashe inji ka buɗe murfin kwandon ka ciro zoben robar, wanke shi ka shafa masa man silikon, ban da basilin don yana lalata roba, ka mayar ka ɗaure da hannu kawai. In kumfan bai daina ba ɗauko min hoton haɗin bututun da ke gaban injin in gani.